Baba zai sayar da fili in tafi masta a Ingila, burina aikin Majalisar Ɗinkin Duniya. In karɓa?

Wani matashi ne ya aiko da tambaya. Ya karanta kimiyyar siyasa a wata jami'ar Arewa, ya fita da sakamako mai kyau, bara ya gama bautar ƙasa, har yanzu bai samu aikin kirki ba. Wata jami'a a Ingila ta ba shi gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, amma babu tallafin ko sisi. Mahaifinsa ya ce zai sayar da filinsa a biya. Burin yaron shi ne aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, ko kuma wata rana a kira shi jakada. Yana so ya sani: ya karɓi kuɗin? Kuma wanne ya fi, hulɗar ƙasa da ƙasa ko nazarin manufofin gwamnati?

Ƙanena, Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Amma ka je ka durƙusa ka roƙe shi ya bar filinsa tukuna. Zan ɗan ja zancen, don hanyar nan na bi ta da ƙafata. A sashen tsare-tsare na wata ma'aikatar jiha na fara aiki, sai da na yi shekara huɗu sannan na samu tallafi na tafi masta a waje, daga baya na yi aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa har na riƙa zama a kwamitocin da ke tantance masu neman aiki. Abin da na gani a kan waɗannan teburan shi zan ba ka.

Mu fara da kujerar da kake hange. Ka shiga shafin neman aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya, ka buɗe tallar kowane muƙami na ƙwararru, waɗanda ake sa wa harafin P. Matakin P-2 yana neman gogewar aiki ta shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10. A wajen ilimi za su ce digiri na biyu ake so, sai su ƙara wata jimla da mutanenmu ba sa tsayawa su karanta: mai digirin farko kaɗai, in yana da ƙarin shekara biyu na gogewa, ana iya karɓarsa a madadin mai digiri na biyu. Wato shekarun aiki suna iya tsaya wa mutum a matsayin masta. Amma shekara biyar ɗin can ta P-3, ko kwali goma ka tara babu mai yafe maka ita. In ka dawo daga Ingila baɗi da kwalinka alhali ba ka taɓa riƙe aiki ba, tun a tacewar farko za a zubar da takardunka, sunanka ma ba zai kai gaban kwamiti ba.

Akwai wata tantancewa da ba na mantawa da ita. Muƙami ɗaya tal, jami'in sa ido kan ayyuka a Maiduguri, takardu kuwa ɗaruruwa, kuma da yawansu masu masta ne daga Birtaniya. Irin wannan ganawar ba a tambayar ka ma'anar diflomasiyya. Cewa ake yi ka ba da labarin abin da ka taɓa yi. Muka tambayi kowa ya faɗa mana wani lokaci da alƙaluman da aka kawo masa suka saɓa da abin da idonsa ya gani. Wani saurayi mai Turanci kamar a bakinsa aka ƙera shi ya yi minti biyar yana bayanin muhimmancin sahihan bayanai, bai kawo misali ko ɗaya ba, don ba shi da shi. Sai wata baiwar Allah da ta karanta ƙididdiga a nan gida, ta yi shekara uku tana aiki da wata ƙaramar ƙungiya. Ta ce rajistar wani asibitin ƙauye ta nuna an yi wa yara rigakafi fiye da yawan yaran da ke garin gaba ɗaya. Ta ɗauki rajistar ta bi gida-gida kwana biyu, ta gano ma'aikacin yana maimaita sunaye ne don ya cika adadin da aka ɗora masa. Ta faɗa mana yadda ta gyara lissafin, da yadda ta kai maganar sama ba tare da ta tozarta mutumin a gaban mai gari ba. Kafin ta rufe baki mun kalli juna. Ita aka ɗauka.

To ta ina sabon shiga yake shiga? Akwai jarrabawar matasan ƙwararru ta Majalisar, wadda ake kira YPP: digirin farko ya isa, kada ka wuce shekara 32, ka iya Ingilishi ko Faransanci. Sai dai ana buɗe ta ne ga 'yan ƙasashen da ba su da isasshen wakilci a cikin ma'aikatan, kuma jerin ƙasashen yana canzawa kowace shekara, don haka sai ka duba ko taka tana ciki. Akwai aikin sa kai na Majalisar, wanda ake biyan alawus. Akwai zaman koyon aiki a sakatariya, wanda ba a biyan komai, shi ya sa 'ya'yan masu hali suka fi cin moriyarsa. A 2015 har labarin wani matashi ɗan New Zealand ya zaga duniya, saboda a tanti yake kwana a Geneva don ba shi da kuɗin haya. Ƙofar da ta fi faɗi ga irinmu ita ce muƙaman 'yan ƙasa, masu lambar NO-A zuwa NO-D, a ofisoshin hukumomi irin su UNICEF da UNDP da WHO da ke Abuja da Maiduguri da Kano da Sakkwato, ko Yamai da Njamena. Daga nan mutane da yawa suke tsallakawa zuwa matakin P. Kuma ka riƙe wannan: Majalisar ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Duk wanda ya turo maka takardar ɗauka ta WhatsApp ya ce ka biya kuɗin horo, ɗan damfara ne.

Maganar jakada kuwa hanyarta daban, kuma ba ta bi ta Landan ba. A Najeriya jakadu iri biyu ne. Akwai na siyasa, wanda shugaban ƙasa yake zaɓowa daga 'yan siyasa ko tsofaffin hafsoshi ko malaman jami'a, majalisar dattawa ta tantance. Wannan babu digirin da ke kai mutum gare shi. Akwai kuma ma'aikacin da ya taso a Ma'aikatar Harkokin Waje. Shi wannan ta Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya yake shiga, yawanci a mataki na 8 in digirin farko gare shi, na 9 in yana da masta. Dubi abin da filin Baba zai saya maka a nan: mataki ɗaya. Daga nan sai horo a makarantar ma'aikatar, sai zaman tebur a Abuja, sai a tura ka ofishin jakadanci, inda yawan aikin ƙaramin jami'i shi ne biza da fasfo, da ɗan ƙasa da aka kama, da gawar da za a mayar gida, da tarbar manya a filin jirgi. Kafin a kira ka jakada sai ka haura shekara ashirin, in Allah ya yi. Ka kuma tuna cewa a watan Satumba na 2023 an kira kusan dukkan jakadun Najeriya gida, aka shafe fiye da shekara biyu kafin a fara fitar da sunayen sababbi. Aiki ne mai daraja, ina girmama masu yin sa, amma mai gaggawa ba ya jin daɗinsa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Mutane suna haɗa fannonin nan biyu a kwano ɗaya, alhali horonsu ya bambanta. Masta a manufofin gwamnati, wadda ake kira MPP ko MPA, sana'a ake koya maka, kamar yadda ake koya wa tela yanka. Zangon farko kusan duk lissafi ne: tattalin arziki na matakin gida da kasuwa, ƙididdiga, yadda ake auna ko wani shiri ya yi tasiri ko dai dace aka yi, yadda ake kwatanta abin da za a kashe da abin da za a samu, kasafin kuɗi. Za ka zauna gaban kwamfuta da manhajar Stata ko R har idonka ya yi ja. Ni da na je da taƙamar na iya rubutu, aikin farko da aka ba mu shi ne takardar shawara ga minista a kan tallafin taki. Na zauna na zuba shafi bakwai, na faro tun daga tarihin noma. Malamar ta dawo mini da ita ta ja layi a ƙasan shafin farko, ta rubuta cewa minista ya tsaya da karatu a nan, kuma har yanzu bai san abin da nake so ya yi ba. Shafi biyu aka yarda: shawarar a layin farko, zaɓi uku, kuɗin kowanne, wa zai amfana, wa zai yi ihu, me za a yi ranar Litinin. Na fi wata guda ina jin haushin matar nan. Yau kuwa da abin da ta koya mini nake cin abinci.

In kana son ka gane amfanin wannan horo, tuna canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara kwana goma. Manufofin da aka faɗa ba su da aibu: a dawo da kuɗi cikin bankuna, a rage jabu, a ƙuntata wa masu karɓar kuɗin fansa. Ɗalibin manufofi ba ya tsayawa a kan kyan niyya. Tambayarsa ita ce: takarda nawa kamfanin buga kuɗi zai iya bugawa a wata? Ƙananan hukumomi nawa ne babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu? Bafulatanin da ya kawo sa kasuwar Maigatari, da me za a biya shi? In kowa ya koma tura kuɗi ta waya rana ɗaya, na'urorin bankuna za su ɗauka? Kowa ya ga abin da ya biyo baya: layuka tun asuba, masu POS suna sayar wa mutane nairarsu, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Waɗannan tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin sanarwa, su ake biyan mai MPP ya yi.

Hulɗar ƙasa da ƙasa ta fi karkata ga karatu da muhawara: tarihin diflomasiyya, ra'ayoyin masana kan dalilin yaƙi da sulhu, dokar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Vienna ta 1961 da ta tsara kariyar jakadu, shari'o'i irin ta Bakassi da kotun duniya ta yanke a 2002 aka ƙarasa da yarjejeniyar Greentree a 2006. Karatu ne mai daɗi, yana buɗe kai. Matsalarsa a wajenka ita ce ya yi kama da abin da ka riga ka karanta shekara huɗu. Mai kimiyyar siyasa da ya ɗora hulɗar ƙasa da ƙasa a kai, kamar wanda ya ci tuwo ne ya ƙara da tuwo. Ra'ayina, in dai za ka iya jure lissafi, ka karkata ga manufofi, ko ka zaɓi hulɗar ƙasa da ƙasa mai ƙunshe da tattalin arziki sosai, irin ta makarantar SAIS ta jami'ar Johns Hopkins. In kuma lissafi ya gagare ka sam, to ka kama wani reshe guda ka ƙware a kai har a san ka da shi: dokar 'yan gudun hijira, sasanta rikici, cinikayya tsakanin ƙasashe, tattaunawar sauyin yanayi.

Dubi mutanenmu da suka kai inda kake hange, ka ga ta ina suka bi. Muhammad Ali Pate likita ne daga ABU, ya shiga Bankin Duniya ta shirin matasan ƙwararru a 2000, ya dawo ya riƙe hukumar lafiya matakin farko, daga baya ya koma ya shugabanci sashen lafiya na bankin gaba ɗaya. Akinwumi Adesina, da ya riƙe Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, masanin tattalin arzikin noma ne. Marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, kamar kai, kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya, amma shekaru da dama da ya yi a harkar mai yana wakiltar Najeriya su suka kai shi kujerar babban sakataren OPEC a 2016. Amina Mohammed a ofishin zanen gine-gine ta fara, sunanta ya fito ne lokacin da ta riƙe ofishin muradun ƙarni a Abuja, tana kula da kuɗin da aka samu daga yafe bashin 2005; a 2017 ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga, ta aji da alli ya bi: ya shugabanci jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya riƙe cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru, sannan ya shugabanci babban zauren Majalisar a 2019. Kowannensu da wani abu a hannu ya isa ƙofar. Hatta waɗanda suka je Harvard, da gemunsu suka je: Ban Ki-moon, tsohon babban sakataren Majalisar, ya shiga ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Kudu a 1970, sai 1985 ya karɓi digirin makarantar Kennedy, wato sashen koyon harkokin gwamnati na Harvard; Malam Nasir El-Rufai sai da ya gama ministan Abuja sannan ya yi nasa a 2009. Kofi Annan kuwa a 1962 ya fara a matsayin ƙaramin jami'i a WHO, sai bayan shekara 35 ya hau kujerar babban sakatare.

Kuma dole in gaya maka kasuwar ta yi sanyi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, Birtaniya ta sanar za ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, Majalisar Ɗinkin Duniya kanta ta shiga tsuke bakin aljihu da rage ma'aikata. Na san mutane masu gogewar shekara goma sha da suke zaune a gida a Abuja yanzu, kuma da su za ka yi takara. Wannan bai sa fannin ya mutu ba. Ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi, Babban Banki, hukumar ƙididdiga, ofishin kula da bashi, kwamitocin majalisa, cibiyoyin bincike, gidauniyoyi, kamfanonin ba da shawara, sassan hulɗa da gwamnati na bankuna da kamfanonin sadarwa, duk suna neman mai iya karanta kasafi ya rubuta shafi biyu masu ma'ana. Ga ECOWAS a Abuja, Tarayyar Afirka a Addis Ababa, Bankin Raya Afirka a Abijan, Bankin Musulunci da ƙungiyar OIC a Jidda, Hukumar Tafkin Chadi a Njamena. Wanda ya ɗaure ransa a kan tutar Majalisar mai launin shuɗi kaɗai, ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa.

Sai lissafin kuɗin. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Masta ta shekara ɗaya a Ingila, in ka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci da biza da inshorar lafiya da jirgi, da wuya ta gaza fam dubu 30, wato sama da naira miliyan 50. Ɗalibi ba a yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, don haka maganar "in na je zan nema in cika" ba ta tsayuwa. Tun Janairun 2024 kuma mai irin wannan masta ba ya tafiya da iyali, sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Na ga yara da yawa da suka tafi da kuɗin gona, suka ƙare suna aikin dare a gidajen kula da tsofaffi don su biya ragowar kuɗin makaranta. Ba aikin kunya ba ne, halal ne, amma ba shi suka je nema ba, kuma ba ya shiga takardar neman aikin da kake mafarki. Manyan makarantun sun fi haka tsada nesa: kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala dubu 50 a shekara, kuma shekara biyu ake yi. Amurka ma tun 2025 ta tsaurara biza ga 'yan Najeriya da Nijar da Chadi, saboda haka kada ka biya wa wata makaranta a can ko kuɗin fom sai ka tabbatar da dokar da ke aiki a ranar.

Abin da ya sa nake cewa ka jira shi ne, wannan fanni yana cikin waɗanda aka fi ba da tallafi a kansu, kuma kusan duk tallafin sharaɗinsa aiki. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan komai na masta ta shekara ɗaya, tana neman awa 2,800 na aiki, kimanin shekara biyu ke nan, da alkawarin za ka dawo gida ka yi aƙalla shekara biyu. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya yana neman shekara uku a aikin raya ƙasa. Jamus tana da shirin Helmut Schmidt a ƙarƙashin DAAD, hukumarta ta musayar ɗalibai, wanda aka ware musamman don manufofin gwamnati da kyakkyawan shugabanci, kuma yawancin kwasa-kwasan da Ingilishi ake yi. Gidauniyar Aig-Imoukhuede tana kai ma'aikatan gwamnati 'yan Najeriya makarantar Blavatnik ta Oxford. Akwai na Commonwealth, akwai na gidauniyar Mastercard, akwai na Emile Boutmy a Sciences Po ta Paris. Makarantar manufofi ta Princeton kuwa duk wanda ta ɗauka ita ke biya masa kuɗin karatu, wahalar dai a ɗauke ka. Ka lura, shekara biyu ko ukun da za su buɗe maka waɗannan, su ne dai shekarun da tallar aiki take nema. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

In lokacin zaɓen makaranta ya zo, kada suna ya ruɗe ka. Ka duba jerin darussan dole, ka ƙirga nawa ne na lissafi. Ka duba ko akwai zangon koyon aiki a cikin shirin. Ka duba garin, don a wannan fanni gari rabin karatu ne: ɗalibin cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Geneva, wadda aka kafa a 1927 kuma Kofi Annan ya zauna a ajinta, da ƙafa yake zuwa ofisoshin Majalisar, na Columbia yana New York, na Georgetown da SAIS suna Washington kusa da Bankin Duniya da IMF. Jami'ar da ke wani ƙaramin gari, wadda rabin ajin baƙi ne da suka biya kuɗi da aljihunsu, ba za ta ba ka wannan ba ko da malamanta nagari ne. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyar 'yan Afirka a LinkedIn ka ga inda suke aiki yau. Amsar da za ka samu a nan ta fi duk abin da ke cikin ƙasidar talla.

Kada kuma ka raina na gida. ABU tana da masta a harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, ga tsohuwar cibiyar koyon mulki a harabar Kongo da ke Zariya. Bayero tana da masta a manufofi da gudanarwa. Ana iya yin su mutum yana aikinsa, kuma suna cika sharaɗin "digiri na biyu" da ke cikin talla daidai da ta Ingila. Abu ɗaya za ka kiyaye: jami'o'inmu suna bambanta masta ta ma'aikata da ta ilimi mai rubuta kundin bincike, kuma yawanci ta farkon ba ta kai mutum digiri na uku kai tsaye. In kana da niyyar koyarwa ko bincike, ta biyun za ka yi. Rauninsu a gaskiya shi ne ƙarancin horon ƙididdiga, sai ka cike da kanka ta intanet. A maƙwabta akwai cibiyar IRIC a Yawunde tun 1971, wadda ta horar da jami'an diflomasiyya na ƙasashen Afirka da dama, da reshen Jami'ar Tarayyar Afirka mai koyar da shugabanci shi ma a Yawunde, wanda ake ba da tallafi, da cibiyar LECIAD a jami'ar Legon ta Gana. Kuru kuwa ba taka ba ce yanzu, ta manya ce da suka kusa ƙololuwar aiki.

Da za ka tambaye ni abu guda da zai fi masta ɗaga ka a shekara biyun nan, Faransanci zan ce. Harsunan aiki na sakatariyar Majalisar biyu ne, Ingilishi da Faransanci. Najeriya kuma Nijar da Chadi da Kamaru da Benin ne suka kewaye ta. Mai Hausa da Ingilishi da Faransanci zai iya aiki daga Maiduguri zuwa Diffa zuwa Marwa ba tare da tafinta ba, kuma irinsa ba su da yawa. Na sha ganin an tsallake wanda ya fi takardu an ɗauki mai harshen. Akwai Alliance Française a Kano da Kaduna, akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. Ka yi har ka ci jarrabawar Faransanci ta DELF matakin B2, don "ina ɗan taɓawa" ba ta shiga fom. In kana da Larabcin islamiyya mai ƙarfi, ka goge shi ya zama na rubutun ofis, Jidda tana nan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su kuma Ingilishi ne nasu gibin, kuma tun ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 sai su fi mai da hankali ga Tarayyar Afirka da hukumomin Majalisar.

Saboda haka ka nemi aiki, ko wane iri ne, muddin akwai alƙaluma da rahoto a cikinsa. Mai tattara bayanai a binciken gida-gida, mataimaki a ƙaramar ƙungiya, ɗan sa kai a ofishin ɗan majalisar jiha, duk suna ƙirguwa in ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata. Ka ƙware a Excel sosai. Ka sauke kasafin kuɗin jiharku, ka kwatanta abin da aka ware wa ilimi da abin da aka saki a rahoton zango, ka rubuta shafi biyu ka buga a jarida ko a shafinka. Ka fara bin takardar sakamakonka ta jami'a tun yanzu. Ni tawa sai da na yi tafiya uku da wata huɗu kafin ta fito, har wa'adin wani tallafi ya wuce ni. Ka riƙe zumunci da malamai biyu da shugaban aiki ɗaya waɗanda za su rubuta maka shaida da ta wuce "yaron kirki ne". Ranar da za ka rubuta maƙalar neman tallafi, kada ka fara da cewa tun kana ƙarami kake son taimakon al'umma, kowa haka yake rubutawa. Ka ba su irin labarin rajistar asibitin nan, naka na kanka.

Gurbin da ka samu kuwa, ka rubuta wa jami'ar yau ka tambaya ko za su ɗage maka shi zuwa baɗi, da kuma ko suna da ragin kuɗi ga 'yan Afirka. Da yawansu suna yarda da ɗagewa ta shekara ɗaya. In ka je wajen Baba, kada ka ce masa ka fasa karatu, ransa zai ɓaci. Ka ce masa ka samu hanyar da wasu za su biya, amma sai ka yi aikin shekara biyu, kuma abin da kake roƙo a wurinsa yanzu shi ne kuɗin ajin Faransanci da na jarrabawar Ingilishi ta IELTS da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Wannan ko tumaki aka sayar za su biya. Chevening tana buɗe fom a watan Agusta. Ka buɗe littafi tun daga ranar da ka fara aiki kana rubuta awanninka.